Kafin ka fita gudun rage tumbi, ka yi shawara da gwiwarka

Sati 5 na yi ina sallah a kan kujerar roba a ƙarshen sahu, tsakanin bango da wani dattijo da ya doshi shekara 80. Ni kuwa a lokacin shekarata 46. Duk wanda ya shigo masallacin unguwarmu sai ya dube ni ya ce, "Subhanallahi, Malam, hatsari ka yi?" Sai in ce a'a, ɗan targaɗe ne. Kunya ce ta hana ni faɗin gaskiya, domin ni na jawo wa kaina, da kuɗina, da takalmina sabo fil.

An auna ni ne a asibiti, sikeli ya nuna kilo 104, jini kuma ya hau. Likita ya ce in rage nauyi, in riƙa motsa jiki. Bai ce in yi gudu ba, ni ne na ƙara wannan daga aljihuna. Na bi wasu abokai da ke fita da asubar Asabar da Lahadi, mutumin da rabonsa da gudu tun yana sakandare, wanda daga ƙofar gida sai mota, daga mota sai kujerar ofis. Kilomita 5 a kan kwalta, ga wani matashi a gefe yana tafa hannu yana cewa, "Oga, kar ka tsaya, sai ka ji zafi yake aiki!" Na ji zafin kuwa. A sati na uku gwiwar dama ta kumbura suntum, tsuguno ya gagare ni, zaman tahiya ya zama abin da nake kallon wasu suna yi.

Tun daga nan nake lura da yadda muke zaɓen motsa jiki, mu 'yan birni da jiki ya yi wa nauyi. Ma'auninmu biyu ne, gumi da sikeli. Wanda ya fi jiƙa riga shi ne ya yi aiki, abin da kuma ya fi saurin mayar da allurar sikeli baya shi ne gwani. Ra'ayina, wanda na saya da tsada, shi ne ma'aunan nan duka biyu suna yaudararmu. Mai ƙiba ya fara tambayar gwiwarsa abin da za ta iya ɗauka yau, ta kuma ɗauka gobe da jibi har shekara ta zagayo. In aka yi wannan tambayar tsakani da Allah, amsar da yawancinmu za su samu ita ce tafiyar ƙafa da sauri, sai kuma keke. Gudu yana da ranarsa, amma ba ta nan ake shiga gidan ba.

Maganar gumi ba ta da tsawo. Ruwa ne da gishiri da jiki ke fitarwa don ya huce. A watan Afrilu a Kano, lokacin da zafi ke kai digiri 40, kana zaune a shago ma za ka jiƙe sharkaf ba tare da ka ƙona ko ƙwayar kitse ba. Masu naɗa leda a ciki ko sa rigar roba su fita rana, kilo ɗayan da suka ga ya tafi yakan dawo da zarar sun sha ruwan leda biyu, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif. Abin da suka samu kawai shi ne jiri da wahalar da ƙoda. Haka ma ɗamarar matse ciki da shayin rage teɓa da ake tallarsu a Facebook da TikTok. Kitse ba ya narkewa daga wurin da ka matse, jiki ne ke ɗiba daga inda ya ga dama.

Sikeli ya fi buƙatar a zauna a kansa, don nan ne zuciyar mutane ke karyewa. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) wajen 7,700. Mutum mai kilo 100 da ya yi tafiya da sauri ta minti 45 zai ƙona abin da bai wuce kalori 300 ba. A takarda ke nan sai ya fita sau 25 ko fiye kafin kilo ɗaya ya tafi. To, lemon kwalba mai santilita 50 yakan ɗauki kalori kusan 200, suga a ciki ya haura ƙaramin cokali goma. Babban cokali ɗaya na mai, ko na gyaɗa ko manja, kalori 120 ne. Ka dubi man da ake malala wa shinkafa da wake, ko wanda ƙosai da masa ke sha, ka yi lissafin da kanka. Mu da muke gudun Asabar, daga fili teburin mai shayi muke zarcewa: Indomie biyu, ƙwai uku, shayi mai kauri da madara har cokali ya kusa tsayawa. Mun ƙona ɗari huɗu, mun zuba dubu. Kuma muna ci muna yaba wa kanmu.

Akwai wani abin da ya fi wannan ɗaure kai. Wani masani ɗan Amurka, Herman Pontzer, ya auna ƙarfin da 'yan ƙabilar Hadza ta Tanzaniya ke ƙonawa a yini. Mutanen nan mafarauta ne, kullum suna tafe a daji suna neman nama da zuma da saiwa. A sakamakon da ya fitar a 2012, in aka yi la'akari da girman jiki, abin da suke ƙonawa bai bambanta sosai da na mazauna biranen Amurka da Turai ba. Jiki ɗan kasuwa ne, in ka kashe masa a nan sai ya tsuke aljihu a can, ya kuma ƙara maka yunwa don ya cike giɓin. Shi ya sa wanda ya dogara da motsa jiki shi kaɗai yakan hau sikeli bayan wata biyu ya ga kilo ɗaya ko biyu, ya ce aikin banza ne, ya jefa takalmin a ƙarƙashin gado.

Ba aikin banza ba ne, an dai ɗora masa kayan da ba nasa ba. Binciken da ya fi gamsar da ni a kan wannan shi ne wanda Stephen Messier da abokan aikinsa na jami'ar Wake Forest a Amurka suka fitar a 2013. Sun ɗauki mutum 454 masu ƙiba da amosanin gwiwa, 'yan shekara 55 zuwa sama, suka raba su gida uku na tsawon wata 18: masu motsa jiki kaɗai, masu gyaran abinci kaɗai, da masu haɗa biyun. Waɗanda aka ba motsa jiki kaɗai sun rage abin da bai kai kilo 2 ba. Waɗanda aka haɗa wa gyaran abinci da motsa jiki sun rage fiye da kilo 10, ciwon gwiwarsu kuma ya ragu da kusan rabi, fiye da na sauran gidajen biyu. Motsa jikin da aka ba su ba wani abin a zo a gani ba ne, tafiya ce da ɗan ɗaga nauyi sau uku a sati. Abin da na fahimta daga nan shi ne rage nauyi aikin kwano ne, aikin motsi kuma shi ne ya riƙe maka tsoka, ya saukar da jini da suga, ya taimaka kada abin da ya tafi ya dawo, ya kuma ciyar da gaɓa.

Ciyarwa na ce, kuma da gangan. Likitan gashin ƙashin da ya duba ni, wani matashi mai haƙuri, shi ya fara fahimtar da ni. Ya ce, "Yallaɓai, guringuntsin da ke cikin gwiwarka ba shi da jijiyar jini. Kamar soso yake. In ka taka ya matse, in ka ɗaga ya tsotsi ruwan gaɓa, da haka yake samun abincinsa." Ashe gwiwar da aka ajiye don kada ta lalace yunwa take kwana da ita. Mu kuwa da zarar dattijuwa ta ce gwiwa, sai a ce, "Hajiya, ki zauna ki huta, yara su yi." Ta zauna, tsokar cinya ta saki, nauyi ya ƙaru, gwiwar ta ƙara sandarewa, sai a ce sanyin ƙashi ne ya yi mata yawa. Da ƙauna muke yi, amma illa ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ke fama da amosanin gaɓɓai, miliyan 365 daga ciki a gwiwa ne, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari mata ne.

Shi dai Messier ɗin nan, tun a 2005 ya nuna cewa duk kilo ɗaya da mai ciwon gwiwa ya rage, nauyin da ke sauka a kan gwiwarsa a kowane taku yana raguwa da wajen kilo 4. In ka sauke kilo 12 da rabi, kamar ka sauke wa gwiwarka buhun siminti ne, a kowane taku, daga ɗaki zuwa banɗaki, daga gida zuwa masallaci. Juya lissafin ta ɗaya gefen ka ga abin da na yi wa kaina. Tafiya tana ɗora wa gwiwa ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki, sassarfa takan kai ninki huɗu ko fiye. Na ɗauki kilo 104 na riƙa dira da shi a kan kwalta sau dubbai, da cinyar da ta shekara ashirin tana barci.

A nan dole in yi wa gudu adalci, don akwai masu cewa shi ke cinye gwiwa, kuma abin da aka auna bai goyi bayansu ba. A 2017 an tattara bincike da dama a wuri ɗaya, aka ga cewa cikin masu gudun nishaɗi kashi 3.5 ne kawai ke da amosanin gwiwa ko na ƙugu, cikin waɗanda ba sa gudu kashi 10.2, cikin 'yan gasar da suka mayar da gudu sana'a kuma kashi 13.3. Ba zan ce gudun ne kaɗai ya kare su ba, tun da dama mai lafiyar gwiwa da sauƙin jiki shi ya fi daɗewa yana gudu. Amma ko ba komai an wanke gudu daga zargin da ake yi masa. Laifin yana ga gaggawa. Zuciya da huhu suna sabawa da aiki cikin 'yan makonni, jijiyoyi da ƙashi da guringuntsi kuwa sai an yi watanni. Numfashinka zai ce maka ƙara, alhali gwiwa ba ta shirya ba. Wanda yake sha'awar gudu ya yi wata uku yana tafiya, ya sauke wani abu daga nauyin, sannan ya fara sassarfar minti ɗaya a tsakanin tafiyar minti uku ko huɗu, a kan ƙasa ko ciyawa in ya samu. Sannu ba ta hana zuwa.

Tafiyar da nake nufi ba irin ta zuwa ɗaurin aure ba ce, ana jan babbar riga ana tsayawa gaisawa a kowace majalisa. Ma'auninta mai sauƙi ne: ka iya amsa sallama da "lafiya lau", amma in aka ce ka ja baitin waƙa numfashi ya ƙi. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta a 2020 shi ne minti 150 zuwa 300 a sati na irin wannan motsi, tare da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Minti 30 sau biyar ke nan a mafi ƙaranci, kuma ba dole ne a yi shi a zama ɗaya ba. Taku 10,000 da wayoyinmu ke tsare mu da shi kuwa, asalinsa sunan wata na'urar ƙirga taku ce da wani kamfanin Japan ya fitar kasuwa a 1965. Binciken da aka yi a jami'ar Harvard ta Amurka a 2019 kan mata tsofaffi ya nuna amfanin yana bayyana tun daga taku 4,400, ya ci gaba da ƙaruwa har wajen 7,500. Kada wanda ya yi dubu biyar ya ji kamar ya faɗi jarabawa.

Matsalar tafiya a garuruwanmu ba ta gwiwa ba ce, ta ido ce. Babban mutum ba ya tafiya a ƙasa. Ran da na fara, ban kai kwanar layinmu ba mota biyu suka tsaya. "Alhaji, motar ce ta lalace? Shigo in sauke ka." In ka ce motsa jiki kake yi, a yi dariya. In ka fara ramewa, a koma gefe ana tambayar iyalinka, "Lafiya kuwa maigida? Ko karayar arziki ce?" Mun taso muna jin tumbi shaidar hutu ne, har yau kuma akwai 'yan matan da ke shan "sha ka fashe" don su yi jiki, alhali wasu daga cikin ƙwayoyin nan irin su dexamethasone, in aka daɗe ana sha, suna raunana ƙashi, suna iya kashe kan ƙashin ƙugu. Ga masu neman ƙiba da kuɗinsu, ga masu neman rabuwa da ita da kuɗinsu, a gida ɗaya.

Keke ma haka ya faɗa. Kakanninmu malamai da 'yan kasuwa da ma'aikatan En'e sun hau Raleigh da alfahari, ana goge shi ana yi masa ado. Yau in magidanci ya hau keke sai a ce ya karye. Amma ga mai ƙiba sosai, ko wanda tafiya ke tayar masa da ciwo, ban san abin da ya kai keke ba. Sirdi ne ke ɗauke da nauyin jiki, gwiwa tana lanƙwashewa tana miƙewa, abin da ke sauka a kanta bai fi nauyin jikin da kaɗan ba, cinya kuma tana ƙarfi. Sharaɗi ɗaya ne, a ɗaga sirdin yadda in feda ta kai ƙasa ƙafar za ta kusa miƙewa. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke sa gaban gwiwa ciwo. Ni da keken tsaye na cikin ɗaki na farfaɗo, na gwanjo, wanda ba ya neman wuta. Na faɗi haka ne saboda na san gidaje uku da aka sayi injin gudu mai tsada, wuta ba ta zama, man janareta ya fi ƙarfin a ƙona shi don tafiyar da za a iya yi kyauta, yanzu injin ya koma wurin shanya tawul.

Duk likitan da ka tambaya zai yaba maka ninƙaya, kuma da gaskiyarsa, domin in ruwa ya kai maka ƙirji ya ɗauke fiye da rabin nauyinka. Sai dai ina ruwan? Kwamin wanka na otal ne, da kuɗin shiga, kuma ba kowace mace za ta shiga ba. Dam da kududdufi kuwa akwai tsargiya, akwai nutsewa. Wanda ya samu wuri mai tsafta ya yi, sauranmu mu wuce.

Tsallen igiya, a bar wa 'yan dambe da yara har sai jiki ya yi sauƙi. Hawan Dutsen Dala ko Goron Dutse yana sa zuciya aiki ƙwarai, amma saukowa ce ke cin gwiwa, ba hawa ba, don haka mai ciwo ya yi hattara. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ƙwallon magidanta ta ranar Lahadi. Mutum ya yi kwana shida a kujera, ran na bakwai ya tuna shi ɗan wasan gaba ne a 1998, ya yi juyi ɗaya da kilo 95, jijiyar cikin gwiwa ta tsinke. Rauni irin wannan yana cikin manyan abubuwan da ke jawo amosani bayan shekaru. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan, amma ba wurin da ake marmarin zuwa ba ne.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu namiji ya fi cin moriyarsa, alhali mata ne suka fi shan wahalar gwiwa. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima. Iyayenmu sun yi daka, sun yi niƙa, sun ja guga. Inji da famfo da 'yar aiki sun ɗauke wannan, alhamdu lillahi, amma ba a sa komai a gurbinsa ba, ga haihuwa, ga abincin jego. Yayata, wadda ke bi wa babbanmu, ta kai matsayin da sai ta dafa bango take miƙewa. Da na ce ta riƙa tafiya sai ta ce, "Kai dai ba ka da kunya, ni da girmana in fita titi ina wurga hannu?" Ban ga laifinta ba. Abin da muka yi shi ne ta fara zagaya tsakar gida bayan sallar asuba, minti 10, tana lazimi. Sai tashi da zama a kan kujera sau goma ba tare da dafawa ba, da miƙe ƙafa a zaune a riƙe ta. Daga baya na kai mata kekena. Ta yi ƙorafin sirdin ya yi tauri, aka kai wa mai kushin ya yi masa katifa. Masu ganin motsa jikin mace baƙon abu ne, su tuna Abu Dawud ya ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi tsere da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta wuce shi. Bayan ta yi jiki suka sake, ya wuce ta, ya ce wannan a madadin waccan.

Na san abin da wani zai ce: ana fama da abin da za a sa a tukunya, kai kana maganar rage ƙiba. Gaskiya ne, kuma ba da mai garuwa ko ɗan dako ko manomi nake ba. Su nasu ciwon gwiwar daga ɗaukar kaya da yawan durƙuso yake zuwa, hutu da kayan aiki suke buƙata. Amma ƙiba ta daina zama ciwon masu kuɗi. Abinci mafi araha a birni yanzu shi ne gari da mai da suga. Direban adaidaita sahu, da tela, da mai jiran shago a Kantin Kwari, da mai POS, duk a zaune suke wuni. Attajiri in gwiwarsa ta ƙare yana iya zuwa Indiya ko Masar a sa masa ta ƙarfe. Tela fa? Shi sai dai diclofenac daga kemis, safe da yamma, har ranar da gyambon ciki ko ciwon ƙoda zai bayyana.

Tun da na ambaci magani, bari in faɗi ƙa'idar da aka koya mini. Ɗan ciwo kaɗan yayin motsi, wanda ke lafawa kafin gobe warhaka, ba abin tsoro ba ne. In ya kwana ya wuni, an yi yawa, a rage, kada a daina. Amma kumburi, ko gwiwa ta maƙale ta ƙi miƙewa, ko ta riƙa sullewa kamar za ta kayar da kai, ko ta yi zafi da ja tare da zazzaɓi, wannan na asibiti ne, ba na mai ɗori ko man zafi ba. Shan ƙwaya don a samu damar ci gaba da gudu kuwa, toshe bakin mai gargaɗi ne. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likita kafin ya fara, in kuma ya ji nauyi a ƙirji ko jiri ya tsaya nan take. Mai ciwon suga ya riƙa duba tafin ƙafarsa, kuma kada ya yi doguwar tafiya da silifas. Takalmi mai laushin ƙasa daga gwanjon Ƙofar Wambai ya wadatar. Da zafi a fita bayan asuba, da hunturu a rufe hanci saboda ƙura, da azumi kuma bayan tarawihi ya fi sauƙi.

Ni abin da ya riƙe ni ba sikeli ba ne. Kujerar robar nan ce, da kuma tunanin aikin Hajji. Tsakanin Safa da Marwa wajen mita 450 ne, sau bakwai ya haura kilomita 3, ban da ɗawafi, ban da zuwa jifa daga Mina da dawowa. Mutum ya yi shekaru yana tara kuɗin kujera, ya je ya ƙare a keken guragu ana tura shi yana ɗan shekara 55. Da hukumomin alhazai za su sa tafiyar minti 30 cikin bitar da suke yi wa maniyyata, wata shida kafin tashi, da sun rage wa kansu da alhazan wahala mai yawa.

Sai dai ko mutum ya yi niyya, a ina zai taka? A nan ne maganar ta tashi daga ta mutum ɗaya ta koma ta gari. Mutanen Kaduna suna da Dandalin Murtala, na Abuja suna cika bakin tafkin Jabi da safiyar Asabar, amma yawancin unguwanninmu ko gefen titi na masu ƙafa babu. Inda aka yi shi, an kafa teburi, an ajiye mota, ko kwata ce a buɗe tana jiran ƙafarka. Ana gina gadar sama ta biliyoyin naira, wanda zai tsallaka titi a ƙasa kuwa sai ya yi ta maza. Filayen da muka yi ƙwallo muna yara an yanka su an yi shaguna. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 mutane da yawa sun koma tafiya da hawan keke ba don suna so ba, kuma ba wanda ya ware musu ko taku ɗaya na kwalta. Ba wani abu mai tsada nake roƙo ba: a share gefen titi a bar wa masu ƙafa, a rufe kwatoci, a dasa darbejiya don inuwa, a buɗe filayen makarantun gwamnati daga bayan asuba zuwa ƙarfe bakwai, a ware wa mata kwana biyu ko uku a sati, da mace mai gadi a ƙofa.

Wannan na ƙarshen mun gwada shi a unguwarmu. Mu bakwai muka sa hannu a takarda, har da liman da mai unguwa, muka kai wa shugaban wata makarantar firamare da ke bayan layinmu, mai fili da katanga. Ya karɓe mu hannu biyu, ya ce shi ma gwiwar ke damunsa, amma sai ya tuntuɓi na sama. Wata na huɗu ke nan. Kafin amsa ta zo, ni da maƙwabcina muna bin bayan katangar ne ta waje, zagaye shida, muna kauce wa kwata da awaki. Yaya kuma tana tsakar gida, ta kai minti 25.